Teburin bayanai: gurbin da darussan farko ke tsallakewa

Idan ka fara koyon manhajar R, da wuri za ka haɗu da data.frame, wato teburin bayanai. Tsarinsa mai sauƙi ne: kowane layi abu ɗaya ne da aka auna, kowane ginshiƙi kuma nau'in bayani ɗaya, lamba ko suna ko kwanan wata. Daga nan sai a buɗe maka iris, awon furanni 150 da Ronald Fisher ya yi aiki da su a 1936, ko mtcars, motoci 32 daga wata mujallar Amurka ta 1974. Komai tsaf, babu gurbi ko ɗaya da ba a cike ba.

Ƙorafina ke nan da waɗannan darussa. Suna sabar maka da tebur mai tsafta, alhali namu ba haka yake zuwa ba.

A ce kana nazarin kogin Hadejia. Ruwansa na zuwa ne daga kogin Kano da na Challawa, kuma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yawansa ya danganta da damina da kuma abin da aka saki daga madatsun. Teburinka na da ginshiƙi uku: rana, wuri kamar Hadejia ko Auyo ko Guri, da tsayin ruwa. To, yaushe kake zaton za a rasa awo? Galibi a watan Agusta da Satumba, lokacin da ruwa ya shanye hanya ko ya rufe sandar awon, irin ambaliyar da ta cinye gonakin shinkafa a Jigawa a 2020 da 2022. Wato ranakun da suka fi muhimmanci su ne babu.

R na rubuta NA a irin wannan gurbi. Ka nemi matsakaici da mean(), sai ya mayar maka da NA, yana jan kunnenka. Darussa da yawa sai su ce ka ƙara na.rm = TRUE, shi ke nan, ba tare da wani bayani ba. A pandas na Python ma ba sai ka ce komai ba, da kansa yake tsallake gurbin. Sakamako? Matsakaicin da ka samu ya gaza na gaskiya, ambaliyar ta ƙanƙance a kan takarda. Wanda ya cike gurbin da 0 kuwa, ya ce kogi ya ƙafe a ranar da ya yi ambaliya.

Shawarata, kafin ka lissafa komai, yi amfani da is.na() ka ƙirga guraben wata-wata da wuri-wuri. Idan sun taru a tsakiyar damina, rubuta hakan a rahotonka, domin manomin Guri da mai tsara shingen ruwa a Hadejia da lambarka za su yi aiki.