Aska Ba Wuƙa Ba Ce: Sharhi a kan Fassarar Sunayen Ɗinkin Riga

Wanda ya tsaya a Daura ran hawan Sallar Gani, tsakanin fada da rijiyar Kusugu, zai ga riguna na saƙi da na tsamiya, aikin hannu ya rufe aljihunsu. In ya tambayi maɗinki sunan aikin, za a ce masa aska biyu, ko aska takwas, wancan zagayayyen kuwa tambari.

Tun baje kolin da David Heathcote ya shirya a Landan a 1976, mai suna The Arts of the Hausa, masanan waje sun mai da hankali ga wannan sana'a, kuma lalle sun cancanci yabo. Amma akwai abu guda da bai kwanta mini ba. A takardun gidajen tarihi na Turai da Amurka akan juya aska da kalmar Turanci mai nufin wuƙa. Bahaushe kuwa ya raba su sarai. Aska ta wanzami ce, da ita ake yi wa jariri askin suna, a yi tsaga, a yi kaciya. Wuƙa ta mahauci ce. Balle a Daura, inda kowane yaro ya san labarin makamin da Bayajida ya kashe macijiya da shi, ba mai rikita aska da kayan faɗa. Da zarar an ce wuƙa, sai mai karatu ya hango yaƙi a ƙirjin rigar da sunanta bai ambaci yaƙi ba.

Mu dubi yadda aka yi da ɗinkin waɗansu al'ummu. Matan Fanjab, ƙasar da ke tsakanin Indiya da Pakistan, suna da phulkari, watau aikin fure, wanda suke yi da zaren siliki ta bayan ƙyalle domin aure. Matan Hmong na Lawos da maƙwabtanta suna da paj ntaub, watau ƙyallen fure. Littattafai sun bar musu sunayensu yadda suke, sa'an nan suka yi bayani. Me ya hana a yi wa aska takwas haka?

Ina roƙon malaman kwalejojin horon malamai su tura ɗalibai rumfunan maɗinka, su rubuto sunayen daga bakin masu sana'ar, tare da tsawon wasali da karin sauti, gama keken ɗinki yana kwafe zane ne kurum, ba ya riƙe suna.