0.0.0.0/0: Shawarar da ke buɗe rumbun bayananka ga duniya baki ɗaya

Idan ka taɓa bin darasin haɗa manhaja a YouTube ko a wani shafi, wataƙila ka iso wannan gaɓar. An buɗe rumbun bayanai a gajimare, wato a kwamfutocin haya na kamfanoni irin su Amazon, Google, Microsoft ko MongoDB. Manhajarka ta nemi haɗuwa da rumbun, ya ƙi. Sai mai darasin ya ce kar ka damu, je ka saitin hanyar sadarwa ka rubuta 0.0.0.0/0. Ka rubuta, nan take komai ya kama aiki. Wani lokaci yakan ƙara da cewa daga baya sai a gyara. A darussan da na kalla, da wuya ka ga an dawo kan wannan "daga bayan".

Ni a ganina muguwar shawara ce. Amma idan muka ɗora laifin duka a kan masu darasi, ba mu yi adalci ba, domin kamfanonin da suka ƙera waɗannan ƙofofin suna da nasu kason.

Me lambar take nufi?

Duk na'urar da ke magana a intanet tana da adireshi, shi ake kira adireshin IP. A tsarin da aka fi amfani da shi, IPv4, adireshin yana da gurabe 32, kowane gurbi sifili ne ko ɗaya. Lambar da ke bayan layin nan mai karkata ita ke faɗin gurabe nawa ne dole su dace kafin a bar mutum ya wuce. Idan ka rubuta /32, adireshi ɗaya tak ka yarda da shi. Idan /24 ce, adireshi 256 ke nan. Idan kuma /0 ce, ba gurbin da za a duba. Adireshin IPv4 kusan biliyan 4.3 ne, kuma da wannan layin ka ce wa dukkansu bisimilla.

Shi rumbun bayanai yana jiran baƙi ne a wata ƙofa mai lamba, kuma lambobin ba sirri ba ne. PostgreSQL 5432, MySQL 3306, MongoDB 27017, Redis 6379, Elasticsearch 9200. Duk wanda ya karanta takardun bayanin manhajar ya san su.

"Wa ma ya san da ni?"

Wannan ce hujjar farko da za ka ji, kuma ni ma na taɓa dogara da ita. Lokacin da nake aikin digirina na biyu, na ɗora bayanan gwaje-gwajena a PostgreSQL a kan wata kwamfutar haya. Da intanet ɗin wayata nake aiki, adireshina kuwa kullum sai ya canza. Da na gaji da gyara jerin adireshi, sai na buɗe wa kowa, na ce ai aikin ɗalibi ne, wa zai kula. Bayan 'yan kwanaki na leƙa kundin da ke rubuta duk wanda ya ƙwanƙwasa. Na tarar da layi bayan layi na yunƙurin shiga da sunan "postgres", daga adireshin da ban taɓa gani ba. Ban faɗa wa kowa adireshin ba fa.

Ba wanda ya neme ni da suna. Manhajoji ne ke bin adireshi ɗaya bayan ɗaya suna taɓa ƙofofi. A 2013 masu bincike a Jami'ar Michigan suka fitar da ZMap, wadda ke iya zagaye adireshin IPv4 gaba ɗaya cikin ƙasa da minti 45 daga kwamfuta guda mai layi mai ƙarfi. Tun 2009 kuma akwai Shodan na John Matherly, injin bincike da ke tara jerin na'urorin da ƙofofinsu ke buɗe. Ƙanƙantar aikinka ba za ta ɓoye ka ba, domin mai zagayen bai san girmanka ba sai ya shiga.

A ƙarshen Disambar 2016 wani mai binciken tsaro ɗan ƙasar Holan, Victor Gevers, ya lura ana share rumbunan MongoDB da aka bari a buɗe, ana barin saƙon neman fansar Bitcoin 0.2. Kafin tsakiyar Janairun 2017 adadin ya haura dubu 27. Da yawa daga maharan ba su ma kwafi bayanan ba kafin su share, ka ga ko an biya ba abin da zai dawo. A Yulin 2020 kuma aka ga harin da aka yi wa laƙabi da Meow, wanda ya lalata dubban rumbunan Elasticsearch da MongoDB. Shi ko fansa bai nema ba.

"Ai akwai kalmar sirri"

Wannan hujjar ta fi ta farko nauyi. Rumbunan da aka share a 2017 galibi ba su da kalmar sirri kwata-kwata, alhali tsarin haya irin MongoDB Atlas ba ya barin ka shiga sai da suna da kalmar sirri. Mai darasi zai iya cewa ƙofar gida kawai ya buɗe, ɗakin yana kulle.

To amma mabuɗin ɗakin yana ina? Yana cikin fayil a laftof ɗinka, ko cikin lambobin da ka tura GitHub bisa kuskure, ko a burauzar wani ɗan kwangila da ya sauke manhajar sata. Abin da ya faru da abokan cinikin Snowflake a 2024 ke nan. Kamfanin Mandiant da ya binciki lamarin ya ce an sanar da ƙungiyoyi kimanin 165 cewa mai yiwuwa an taɓa bayanansu. Ba a fasa tsarin Snowflake ɗin kansa ba. Maharan sun shiga ne da kalmomin sirri na gaskiya waɗanda manhajojin satar bayanai suka kwashe daga kwamfutocin mutane, wasu tun 2020. Mandiant ta lissafa abubuwa uku da suka ba su dama: ba a kunna tantancewa mai mataki biyu ba, ba a canza tsofaffin kalmomin sirri ba, sannan ba a taƙaita adireshin da za a iya shiga daga gare su ba. Cikin waɗanda abin ya shafa har da Ticketmaster da AT&T, wanda ya bayyana cewa an kwashi tarihin kira da saƙonnin kusan dukkan masu layinsa na salula.

Ka lura da na ukun. Da an taƙaita adireshi, kalmar sirrin da aka sata ba za ta buɗe komai ba daga ɗakin ɓarawon. Amfanin wannan shingen ke nan: yana aiki ranar da mabuɗi ya faɗa hannun wani. Wanda ya ce maka ka cire shi saboda kana da kalmar sirri, ya cire maka abin da aka tanada domin ranar da kalmar sirrin ta gaza.

Inda masu darasi suke da gaskiya

Matsalar da suke ƙoƙarin kaucewa ta gaske ce. Mu da muke aiki da datar waya a Kano ko Zariya ko Maraɗi mun fi kowa saninta. Adireshinka na safe ba lallai ya zama na yamma ba, kuma kamfanonin waya kan haɗa masu layi da yawa a bayan adireshi guda, saboda haka ko ka sa shi a jeri, ba kai kaɗai ka buɗe wa ba. Haka nan dandamali da yawa na ɗora manhaja kyauta ko da araha ba sa ba ka tsayayyen adireshi. Hanyoyin haɗi na keɓe kuma sau da yawa sai a matakin biya ake samun su. Ɗalibin da ke lissafin kowace dala a farashin naira ba wawa ba ne don ya zaɓi hanyar da ba ta cin kuɗi.

Abin da nake zargin darussan da shi shi ne ba sa faɗa maka farashin abin da ka yi. Minti ɗaya ya isa a ce: wannan na gwaji ne, kar ka zuba bayanan mutane a ciki, ga yadda ake rufewa. A Atlas ma akwai zaɓin sa adireshi na wucin gadi wanda zai goge kansa bayan awa 6, ko kwana ɗaya, ko mako guda. Darasi nawa ka gani ya nuna shi?

Kason kamfanoni

Kamfanonin gajimare suna da wata ƙa'ida ta raba alhaki: su ke tsare gine-gine da injina, kai ke tsare saitinka da bayananka. A takarda ba laifi. A aikace kuwa, wanda ya zana allon saiti shi ke yanke wace hanya ce mai sauƙi. Idan buɗe wa kowa dannawa ɗaya ce, rufewa yadda ya kamata kuma karatun shafuka ne da ƙarin kuɗi, an riga an san inda yawancin mutane za su bi.

Dubi Azure SQL na Microsoft. Akwai wani akwati da ke cewa a bar ayyukan Azure su iso ga rumbun. Mai karantawa zai ɗauka ayyukansa ake nufi. Takardun Microsoft da kansu sun bayyana cewa ya haɗa da haɗin da ke fitowa daga asusun sauran abokan ciniki. Gargaɗin yana cikin takarda, akwatin kuma yana gaban idonka.

Tarihi ya nuna cewa gyara na gaske daga saitin asali yake zuwa. Redis ya kawo yanayin kariya a siga ta 3.2 a 2016. MongoDB 3.6 da ya fito a ƙarshen 2017 ya daina sauraron waje sai ka umarce shi. Elasticsearch ya mayar da muhimman kayan tsaronsa kyauta a 2019, sannan ya kunna su kai tsaye a siga ta 8.0 a 2022. Snowflake ma bayan abin da ya faru ya koma tilasta tantancewa mai mataki biyu. Duk waɗannan abubuwa ne da za a iya yi tun farko. An yi su ne bayan shekaru ana cewa laifin mai amfani ne.

Kar kuma ka ɗauka jerin adireshi ya gama komai. A 2019 an kwashi bayanan mutane kimanin miliyan 100 a Amurka da miliyan 6 a Kanada daga bankin Capital One. Wadda ta yi kutsen ta bi ta wata katangar tsaro da aka saita ba daidai ba, ta samu takardun izinin wata kwamfuta ta cikin gida, wadda aka ba ta ikon da ya wuce buƙatarta. A 2020 hukumar kula da bankunan Amurka ta ci bankin tarar dala miliyan 80. Wanda ya shigo ta hannun na cikin gida, shingen waje ba ya ganinsa.

To me za ka yi?

Mafi kyau shi ne rumbun kar ya samu adireshin waje sam. Ka ajiye shi a keɓaɓɓiyar hanyar sadarwarka ta gajimare, wadda ake kira VPC, ka ce kwamfutar manhajarka kaɗai ke da izinin taɓa ƙofarsa. A AWS za ka iya rubuta dokar da sunan rukunin tsaron manhajar maimakon adireshi. Idan kai da kanka kake son shiga daga gida, ka bi ta ramin SSH ko VPN, ko kayan da ke tantance ka da asusunka irin Cloud SQL Auth Proxy na Google. Da wannan, canzawar adireshin wayarka ta daina zama matsala. Idan dole sai ka yi amfani da jeri, sa /32 mai wa'adi. Ka ba manhajar asusu mai iyakantaccen iko, ka tilasta ɓoye zirga-zirga da TLS, ka ajiye kwafin bayanai a wani wurin daban, ka kuma gwada dawo da shi ko sau ɗaya.

Idan rumbunka na ɗauke da sunaye da lambobin wayar 'yan Najeriya, maganar ta wuce ɗabi'a mai kyau. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta sanar da hukumar NDPC cikin awa 72 idan aka samu ɓarakar da ka iya cutar da masu bayanan. Ba za ka ce mata a bidiyo ka gani ba.

Kafin ka rufe wannan shafin, buɗe saitin rumbunka ka duba jerin adireshin. Idan ka ga 0.0.0.0/0, ko takwararta ta IPv6 wato ::/0, cire ta, sannan ka canza kalmar sirrin, tunda ba ka san tsawon lokacin da aka yi ana gwada ta ba. Daga nan ka leƙa kundin shiga ka ga su wa suka riga ka zuwa.