Knoppix: Faifan da Ke Cire wa Ɗan Koyo Tsoro

A shekarar 2000 wani injiniya Bajamushe, Klaus Knopper, ya fitar da Knoppix, wani nau'in Linux da ya gina a kan Debian, wanda ke tashi daga faifan CD ba sai an girka shi a kwamfuta ba. Shi kuwa irin wannan faifai karanta shi kawai ake yi, ba ya karɓar sabon rubutu. To mai son ƙara manhaja ko sauya saiti, ina zai ajiye canjin?

Amsa mai gamsarwa ta zo a 2005, a fitowa ta 3.8, da Knopper ya ɗauko UnionFS, aikin Erez Zadok da abokan bincikensa a Jami'ar Stony Brook ta Amurka. Kamar ka shimfiɗa farar leda ne a kan shafin littafi, kana ganin rubutun ƙasa, alƙalaminka kuma ledar yake taɓawa. Idan ka gyara fayil, sai a kwafo shi zuwa RAM, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta, gyaran ya sauka a kan kwafin. Idan ka goge, alama ake sawa ta ɓoye shi, asalin yana nan daram. Ka kashe na'ura, komai ya koma yadda ya fito.

Nan ne aikin ya burge ni. Yaron da ke koyo a kan kwamfutar aro a Tasawa ko Mayahi, kalmar da ya fi ji ita ce "kada ka taɓa". Da Knoppix sai ya taɓa, ya ɓata, ya sake kunnawa, muddin bai shiga rumbun ajiyar mai kwamfutar ba. Masu gyara ma sun daɗe suna ceto takardun mutane da shi daga na'urar da ta ƙi tashi.

Aibinsa daga wannan dabarar ya fito. Wuta na ɗaukewa, aikin yini ya tafi, kuma tsohuwar kwamfuta mai ƙaramin RAM saurin cika take yi. A ƙasarmu wannan ba ƙaramin abu ba ne, don haka ajiya a filashi dole ce.

Dabarar ba ta tsaya a Knoppix ba: a Disambar 2014 aka fitar da Linux 3.18 ɗauke da OverlayFS na Miklos Szeredi, mai irin wannan aikin, manhajar Docker ma da shi take aiki. Malaman da ke koyar da kwamfuta, ku nemi Knoppix ku sa a hannun ɗalibanku.