Tattali Domin Wa? Nazarin Wa'azin John Wesley Kan Kuɗi

A 'yan shekarun nan an yi yayin rage kaya a Turai da Amurka. Mutum ya kwashe tufafi da littattafai da tarkacen ɗakinsa ya fitar, ya bar kaɗan, ya ce ya sami kwanciyar rai. Wata 'yar Japan, Marie Kondo, ta yi suna a kan wannan. Littafinta ya fito a ƙasarsu a 2011, kuma ma'auninta shi ne mutum ya riƙe abu a hannu, in ya faranta masa rai ya ajiye, in bai faranta ba ya rabu da shi. Wani ɗalibina ya taɓa cewa a aji ai koyarwar Yesu ce aka sake wa riga. Ban yarda ba, sai na ba shi aikin karanta wa'azin John Wesley a kan amfani da kuɗi. Wa'azin nan ne nake so mu auna, domin ana yawan ambatonsa a sujada amma ba a cika karanta shi ba.

Wesley ya rayu a Ingila daga 1703 zuwa 1791. An buga wa'azin a 1760, ya kuma gina shi a kan Luka 16:9, ƙarshen misalin wakilin nan marar gaskiya. Tushen maganarsa shi ne dukiya amana ce, mai ita Allah ne, mu wakilai ne kawai. Daga nan ya fitar da ƙa'idodi uku: nema iyakar ƙoƙari, tattali iyakar ƙoƙari, bayarwa iyakar ƙoƙari.

Ƙa'ida ta fari masu wa'azin arziki suna sonta, amma rabinta suke karantawa. Wesley ya kewaye ta da shinge. Ya hana neman da zai kashe lafiyar jiki, ko ya ɓata lamiri, ko ya cuci maƙwabci. Ya tsawata wa masu sayar da barasa mai ƙarfi, da likitan da ke jan ciwo don ya ƙara samu, da ɗan kasuwar da ke karya farashi don ya durƙusar da ɗan'uwansa.

Ƙa'ida ta biyu ita ce inda muke yawan tuntuɓe. Kalmar Turancin da ya yi amfani da ita tana da fuska biyu, tana iya nufin ajiya, tana iya nufin hana ɓarna. Na sha jin an fassara ta da "tara kuɗi". Wanda ya karanta wa'azin zai ga ta biyun yake nufi: kada a zubar da kuɗi a kan kwaɗayin baki, ko ƙawar ido, ko neman yabon mutane. Ajiya kuwa ya soke ta da kakkausan harshe, har ya daidaita kuɗin da aka kulle da kuɗin da aka jefa a teku. A wurinsa tattali ba shi da wani daraja sai ya zarce zuwa bayarwa. A nan ya rabu da yayin zamaninmu. Mai rage kaya yana tambayar zuciyarsa ko abin nan yana faranta mata. Wesley yana tambaya ne, rarar da ta fito, hannun wa ta shiga? Ɗaki yana iya zama fayau babu komai, mai ɗakin kuwa marowaci ne ƙwarai.

Ƙarfin wa'azin yana cikin rayuwar mai yinsa. A wani wa'azi dabam ya ba da labarin wani daga cikin ƙungiyarsu ta Oxford, wanda masana suka ɗauka shi kansa ne. Shekarar da ya sami fam 30, ya ci 28 ya ba da 2. Da samunsa ya kai 60, ya ci 28 ya ba da 32. Haka ya ci gaba har samun ya kai 120, cinsa yana nan a 28. Lura da abin da ya daskarar. Mu mukan tsayar da zakka a kashi ɗaya cikin goma, cinmu ya riƙa girma da albashi. Shi cinsa ya tsayar, bayarwa ta riƙa girma. A 1776 hukumar haraji ta rubuto masa tana zaton yana da kayan azurfa da bai bayyana ba. Ya amsa cewa cokula huɗu ke nan, biyu a Landan biyu a Bristol, ba zai kuma ƙara ba muddin mutane kewaye da shi suna rasa abinci. A farkon 1785, yana da shekara 81, ya yi kwanaki yana taka dusar ƙanƙara a titunan Landan yana roƙo, har ya tara fam 200 don saya wa matalauta sutura. Mutumin da ya yi haka ya cancanci a saurare shi.

Sauraro kuwa ba ya hana tambaya, ni ma ina da nawa.

Wesley bai haifu ba. Ya yi aure a 1751, auren bai yi daɗi ba, suka rabu. Yawancin kwanakinsa a kan doki ya yi su, yana kwana a gidajen masu bi, yana cin abin da matan gidajen suka dafa. Sauƙin rayuwarsa a kan ɗawainiyar wasu ya jingina, wa'azin kuwa bai lissafa wannan ba. Gaskiya ne ya ce mutum ya fara biya wa kansa da iyalinsa bukata kafin ya miƙa hannu waje. Amma ya wuce wurin da sauri, kamar wanda bai taɓa zama da lissafin kuɗin makarantar yara biyar ba. Fasto mai iyali da ya ɗauki alkawarin tsimi, ba shi kaɗai zai biya ba. Na san wani ma'aikacin Ubangiji da ake yabo a gundumarsu saboda rigarsa ɗaya da kekensa ɗaya. Da na sauka gidansa na tarar matarsa ce ke suyar ƙosai tun asuba domin tukunya ta hau wuta. Shi ake yabo, ita ke shan hayaƙi. 1 Timoti 5:8 ba ta bar mana wurin ɓuya a kan wannan ba.

Akwai kuma maganar baƙi, wadda ta shafi Kondo fiye da Wesley. A gidan fasto a ƙasarmu za ka ga tabarmi goma a naɗe, da tukunyar da ba a ɗora ta sai sau uku a shekara, da kwanuka fiye da yawan mutanen gida. A idon mai rage kaya tarkace ne. Amma ran da rikici ya koro mutane daga ƙauye, ko aka yi rasuwa, ko Zumuntar Mata ta sauka, tabarmin nan ne ke rufa asiri. 1 Timoti 3:2 ta sa karɓar baƙi cikin sharuɗɗan mai kula da ikkilisiya. Ba a karɓar baƙi da cokali ɗaya.

Fam 28 ma yana bukatar hankali. Wanda ya tsayar da cinsa a kan adadin naira bana, baɗi yunwa zai sha. In za mu bi Wesley, da buhun hatsi da kuɗin makaranta da magani za mu auna abin da ya isa. Ƙyamarsa ga ajiya kuma ta yi yawa. Shi yana da jama'ar Metodis da za su riƙe shi har kabari. Faston da zai fita daga gidan ikkilisiya ran da ya yi ritaya, ba fili ba rumbu, in ya yi tanadi bai yi rashin bangaskiya ba. Yusufu ya tara hatsi shekara bakwai a Masar, Karin Magana 6 kuma ta aike mu wurin tururuwa.

Abin da ya fi damuna shi ne bakin da wa'azin yake fitowa. Wesley ya san talaucin dole, gama an taɓa ɗaure mahaifinsa saboda bashi a 1705. Amma tsiminsa na zaɓi ne, mutum ne mai samun kuɗi da yawa daga littattafansa wanda ya ƙi ci. Idan dattawan ikkilisiya suka riƙe albashin mai bishara wata uku, sa'an nan suka karanta masa labarin cokula huɗu, sun juya wa'azin a kife. An rubuta shi domin mai rara. Shi ma'aikaci, 1 Korintiyawa 9 da 1 Timoti 5:17-18 ne nasa, kuma wajibi ne mu koya wa dattawa su. Akasin haka ma yana faruwa: shugaban da ke sauya mota kowace shekara biyu ya tsaya yana koya wa gwauraye ƙana'a.

Wesley ya rayu har ya ga iyakar wa'azinsa. A 1789, shekara biyu kafin mutuwarsa, ya rubuta wani wa'azi a Dublin yana neman dalilin da ya sa Kiristanci bai yi aikin da ya kamata ba. Ya lura cewa tuba takan sa mutum himma da tsimi, himma da tsimi su kawo dukiya, dukiya kuma ta kawo girmankai da son duniya. Mutanensa sun riƙe ƙa'idodi biyu na fari da kyau, ta ukun ce suka yar, ya kuma ce wanda ya yi haka ya fi dā lalacewa. Ɗalibin nan nawa, da ya kawo aikinsa, ya rubuta shafi huɗu a kan kayan da ya fitar daga ɗakinsa. Na mayar masa na ce ya ƙara shafi ɗaya, ya faɗa mini inda kayan suka tafi.