Ɗan Kamashon da Ba Ya Bin Mota

Wallahi na daɗe ban ga abin da ya burge ni a kimiyya kamar wata hoda da ake kira katalis ba! Duk wanda ya san tashar Unguwa Uku ya san ɗan kamasho: ya cika mota, ya sallame ta, ya juya ya kira wata. Haka aikin katalis yake. Shi ke haɗa man girki da sinadarin metanol su koma bayodizal, man da injin dizal ke sha, gilisarin kuma ya kwanta a ƙasa.

Tsohon ɗan kamashon, wato soda irin ta masu sabulu, ba shi da ta ido. Narkewa yake cikin man ya bi motar, sai an yi ta ɗauraya da ruwa kafin a raba su. In man ya sha suya, ya mayar maka da wani kasonsa sabulu, ga ruwan dauɗa ya nufi kwata.

Sabon kuwa, kai jama'a! Ƙarfe ne aka ɗora a kan daskararren abu, ba ya narkewa. An gama, a tace shi, a sake zubawa. Wani ma da maganaɗisu ake zaro shi. Faransawa sun kafa masana'anta a garin Sète a 2006 da irin wanda aka haɗa da zinki da alminiyam, gilisarinsu na fita da tsabtar kusan kashi 98 cikin 100.

Amma wanda ya tafi da imanina shi ne na ɓawon ƙwai. E, wanda mai shayi ke watsarwa a bakin titin Zariya kowace safiya! A gasa shi a zafin digiri wajen 900, ya koma farar ƙasa mai aiki. Yana da 'yar shagwaɓa, ba ya son iska da laima, kuma ƙarfinsa na raguwa a hankali. To, ina ruwana? Ƙwai ne ya ƙare a Tarauni?

Tuƙa inji da man girki kuwa ba sabon abu ba ne: tun 1900 aka nuna injin dizal yana aiki da man gyaɗa a baje kolin Paris, kafin Kano ta fara dalar gyaɗa. Yanzu in na wuce mai ƙosai a Gyadi-Gyadi, baƙin man kaskonta nake leƙawa, har jiya ta ce, "Malam, na nawa za a ba ka?"