Kiɗan Ƙwarya da Muryoyin da Ba a Kiran Sunansu

Idan aka ce a lissafo manyan mawaƙan Hausa, baki kan tafi da kansa: Narambaɗa, Ɗanƙwairo, Shata, Ɗan Anace, Ɗan Maraya Jos. Sai an numfasa kafin wani ya tuna da Barmani Choge, daga kanta kuma lissafin mata yakan tsaya cak. Alhali waƙar farko da kowane Bahaushe ya ji a duniya daga bakin mace ta fito, yana goye a baya ana lallashinsa. Mata na waƙa a bakin turmi, suna yi a kan dutsen niƙa, 'yan mata na gaɗa a dandali da farin wata, ƙawayen amarya na rera ta bankwana ranar kai ta ɗakin miji. To me ya sa kunnenmu ya cika da waƙarsu, amma sunayensu ba su zauna mana a ka ba?

Babban dalili shi ne wurin da ake yin waƙar. Makaɗin fada yana waƙa a ƙofar sarki, na 'yan dambe a fili, na noma a gona ranar gayya, duk inda mai na'urar ɗaukar murya zai iya zuwa ya tsaya. Amada kuwa, kiɗan ƙwarya na mata, a cikin gida ake yin ta, ranar suna ko biki, bayan an wuce zaure an wuce soro, inda baligi baƙo ba ya taka ƙafa. Ma'aikatan rediyo da manazarta na farko galibinsu maza ne, saboda haka abin da suka iya kaiwa gare shi suka ɗauka. Ba mamaki ba ne da aka ga cewa akwai mata a cikin waɗanda suka fito da waƙoƙin cikin gida zuwa takarda. Mary Smith ta zauna da wata dattijuwa a ƙasar Zazzau ta rubuta labarin rayuwarta, littafin Baba of Karo da ya fito a 1954, cike da waƙoƙin aure da na bori. Beverly Mack ta shiga gidajen Kano ta saurari marubuta waƙa da zabiyoyi, ta fitar da Muslim Women Sing a 2004. Sun shiga ne don ƙofar da ta tare maza ba ta tare su ba.

Kayan kiɗan amada su ma daga madafa suka fito. Ƙore ne manya da ƙanana ake kifewa, wata a ƙasa, wata a kan ruwa cikin masaki don ta ba da amo mai zurfi, mata na zaune suna bugawa, uwar waƙa na bayarwa 'yan amshi na karɓa. Babu kalangu mai bin karin harshe, babu kotso. Nauyin duka yana kan murya da magana, shi ya sa mai amada da ba ta da kaifin baki ba ta daɗewa a fage. Uwaliya Mai Amada ta Kano ta riga Barmani shahara, kuma wanda ya saurari su biyun zai ji cewa sana'a ce mai tushe, mai iyaye da magada.

A kan Barmani nake so in daɗe, domin ita aka fi sani, kuma ita aka fi yi wa gurguwar fahimta. Ainihin sunanta Hajiya Sa'adatu, 'yar Funtuwa ce, ta rasu a 2013. Da yawa idan an ambace ta sai su yi murmushi su ce ai mai batsa ce. Gaskiya ne bakinta ba ya jin nauyin ambaton jikin mace, amma a tuna wa take yi wa waƙar: ɗaki ne cike da matan aure, waɗanda suka san naƙuda, suka san wankan jego, suka san ranar da aka kawo kishiya. A tsakaninsu wannan magana ce ta yau da kullum. Kaset ne ya ɗauko ta ya kai ta tasha da shagon mai shayi, kunnen da ba don shi aka yi ba ya ji, ya yanke hukunci. Wanda ya natsu ya bi waƙoƙinta zai tarar da cewa abin da ta fi nanatawa shi ne neman na kai. A waƙarta ta "A Kama Sana'a Mata" ta yi wa macen da ke zaune hannu rabbana tatas, ta ɗaukaka mai ƙuli-ƙuli da mai fura da mai saƙa. Tattalin arzikin matan kulle ne take bayyanawa: ribar da yarinya ke dawowa da ita daga talla, zubin adashi, kwanon da ake tarawa don auren ɗiya, bikin da ƙawa ke mayarwa ninki. Hatta habaicinta ga kishiya aiki yake yi, domin yana ba mace damar ta fitar da abin da ke cinta a gaban jama'a, cikin rawa da guɗa, ba tare da ta kira sunan kowa ba. Ban san wani makaɗi namiji da ya zana cikin gidan Bahaushe da irin wannan gaskiya ba.

Labarin Magajiya Ɗambatta ya fi ciwo. Makauniya ce mai zaƙin murya, wadda waƙarta ta jan hankalin iyaye su sa yara makaranta ta zaga gidajen rediyo shekaru da dama. Mutane sun haddace waƙar, mai waƙar kuwa ta tsufa tana bara, sai daf da ƙarshen rayuwarta aka neme ta aka tara mata gudummawa. Ta rasu a 2021.

Zuwan finafinan Kano ya sauya kayan kiɗa, fiyano ta maye gurbin ƙwarya, amma ɓoyon sunan mata bai ƙare ba, salo ya sake. Mawaƙiya na shiga situdiyo ta rera, jaruma ta motsa baki a fim, mai kallo ya tafi da fuskar jaruma. Fati Nijar, wadda ta taso daga Maraɗi, da Maryam A. Baba da Maryam Fantimoti da Murja Baba sun ɗauki waƙoƙin finafinai masu ɗimbin yawa a wuyansu, amma an daɗe ana jin muryoyinsu kafin a san kamanninsu. Sau da yawa kuma baitin da suke rerawa namiji ne ya rubuta, ya ba mace gurbin mai amsa masa soyayya. A nan nake ganin an yi asara: mai amada ita ke ƙirƙirar maganarta, ita ke zaɓen wanda za ta yaba da wanda za ta zambata, ita ke raba kuɗin liƙi ga 'yan amshinta. Situdiyo ta ba mace lasifika mai kai wa nesa, ta karɓe mata wannan iko, sai 'yan kaɗan da suka dage suka fitar da kundin waƙoƙinsu na kansu.

Yau waya ta sauƙaƙa nema. Akwai tsofaffin waƙoƙin Barmani da Uwaliya a YouTube, da na Hamsou Garba ta Nijar, ko da yake wasu an ɗora su ba shekara, ba sunan 'yan amshi, wani lokaci ma da hoton wata daban. Abin da bai hau intanet ba ya fi yawa: faya-fayan da ke ajiye a gidajen rediyon Kaduna da Kano da Yamai, kaset-kaset na biki da ke cikin adakar iyayenmu, da waƙoƙin daka da na niƙa waɗanda injin markaɗe ya raba su da aikin da ya haife su. Tsofaffin da suka iya su suna nan da rai a garuruwa da ƙauyuka, kuma ɗalibai mata da ke sassan Hausa na jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo suna iya shiga har ƙuryar ɗakinsu da waya a hannu, su ɗauki waƙar, su rubuta sunan mai ita da garinsu da wadda ta koya mata.