Rushe, Lalata da Halaka: Tsokaci kan Yadda Ake Sakaya Aikau

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce duba kalmomi uku da mafassara labarai kan yi musanyarsu kamar ma'anarsu ɗaya ce. Abin da ya jawo hankalina shi ne rubuce-rubucen ɗalibaina a Gidan Waya, inda aiki ya kawo ni, game da rikicin watan Maris na 1987, wanda ya faro a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya bazu zuwa Zariya da Kaduna da Funtuwa.

2.0 Ma'ana

Bahaushe kan rushe abin da aka gina, kamar gida ko ganuwa. Yakan lalata abin da ke da amfani, ko da siffarsa tana nan, shi ya sa ake lalata tarbiyya. Halaka kuwa, wadda aka aro daga Larabci, ta fi dangantar mai rai. Saboda haka kuskure ne a ce an lalata mutum goma alhali kashe su aka yi, musamman da yake lalata tana ɗauke da wata ma'ana ta alfasha.

3.0 Matsalar Aikau

A dubi waɗannan misalai:

(1) An rushe masallaci. / Masallaci ya rushe.
(2) An lalata coci. / Coci ta lalace.
(3) An halaka mutane. / Mutane sun halaka.

Bisa rabe-raben Parsons na 1960, rushe aikatau ne ɗan aji na huɗu mai iya zama so-karɓau ko ƙi-karɓau. Halaka kuma karin sauti ne ke bambanta fuskokinta biyu, ga shi ba a nuna shi a rubutun yau da kullum. Jimlolin farko sun tabbatar da akwai hannun wani, ko da ba a ambace shi ba. Na biyun sun mayar da ɓarnar tamkar aikin damina. Mafi yawan ɗalibaina, Musulmi da Kirista, jimla ta farko suke zaɓa idan wurin ibadarsu ne, ta biyu kuwa idan na maƙwabta ne.

4.0 Kammalawa

Ke nan zaɓin kalma a nan ya wuce batun nahawu. Inda aka ce gini ya rushe, ba mai laifi, ba mai biyan diyya. Ya kamata malamai da mafassara su lura da wannan, domin wanda aka ƙone wa gida yana sauraren yadda aka faɗi labarinsa.